Doka a rubuce take, to me ke kawo saɓanin alƙalai?

Tambaya: Wani bawan Allah daga Kano ya aiko yana cewa: "Barista, doka dai a rubuce take, kowa na iya karantawa. To yaya kotun farko za ta ce ga ma'anar sashe kaza, ta biyu ta bi ta, Kotun Ƙoli kuma ta zo ta rushe su duka? Akwai ƙa'idar da alƙali ke bi wajen fassara doka, ko kuwa kowa abin da ransa ke so yake yi?"

Amsa: Malam, akwai ƙa'ida, kuma tsohuwa ce. Ba zan rantse maka cewa babu alƙalin da ke karkata ba, domin mutane ne kamar kowa. Amma ko da a ce duk wanda ke kan kujerar shari'a waliyyi ne, saɓani ba zai ƙare ba. Dalili kuwa shi ne ana rubuta doka tun kafin rigimar ta auku. 'Yan majalisa su zauna su yi hasashen abin da ka iya faruwa, rayuwa kuma ta zo da abin da bai taɓa faɗo musu a rai ba. Alƙali ba shi da damar ya ce wa masu shari'a, "dokar ba ta fito fili ba, ku koma gida." Dole ya yanke, kuma dole ya faɗi dalili.

Mu da muka tashi muna jin karatun malamai, wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Bayan Yaƙin Gwalalo, Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabbai kada kowa ya yi sallar la'asar sai a Banu Ƙuraiza. La'asar ta riske su a hanya. Wasu suka ce ba za mu yi ba sai mun isa, haka aka ce mana. Wasu suka ce abin nufi shi ne mu yi sauri, ba mu fitar da salla daga lokacinta ba, suka tsaya suka yi. Da aka kai masa labari bai tsawata wa ko ɗaya ba. Ɓangare guda ya riƙe lafazi, ɗayan ya riƙe manufa, kuma a tsakanin waɗannan biyun kusan duk gardamar fassarar doka take gudana har yau. Bambancin kawai shi ne a kotu ba a cewa kowa ya yi daidai, sai ɗaya ya yi nasara.

Alƙali yana farawa ne da lafazi, kuma idan lafazin ya fito sarari a nan yake tsayawa. Ba ruwansa da ko dokar ta yi masa daɗi. Sashe na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 majalisa ya ba ikon yin doka, sashe na 6 ya ba kotuna ikon yin shari'a, saboda haka alƙalin da ya ƙara kalma ko ya rage ya shiga gonar da ba tasa ba. Sai dai "lafazi" a wurin lauya ya fi abin da ido ke gani a layi ɗaya faɗi. Ni idan aka ajiye mini sabuwar doka a kan tebur, shafukan ƙarshe nake fara buɗewa, domin a dokokin Najeriya can ake ajiye sashen da ke bayanin kalmomi. Ka ɗauki maganar takardar makaranta da ake ta cece-kuce a kanta duk lokacin zaɓe. Sashe na 131 na tsarin mulki ya ce ɗan takarar shugaban ƙasa ya kasance ya yi karatu aƙalla zuwa matakin shaidar kammala sakandare ko makamancinta. Mutum ya karanta wannan ya ce shi ke nan, a kawo takarda. Amma sashe na 318 ya fassara "makamancinta" da faɗi ƙwarai, har ya haɗa da mai shaidar firamare da ya yi aiki shekara goma, ya halarci kwasa-kwasai, kuma ya iya karatu da rubutu da Turanci. Wanda bai leƙa 318 ba bai gama karanta 131 ba. Bayan wannan akwai Dokar Fassara ta 1964, wadda ta ce lafazin namiji ya haɗa da mace, na tilo ya haɗa da jam'i, waƙafi da aya suna cikin doka, amma kanun da ake sa wa sashe ba ya cikinta.

Wannan ƙa'ida ta karanta doka gaba ɗayanta ita ce ta raba gardamar zaɓen gwamnan Kano, wadda na tabbata tana cikin abin da ya sa ka yi tambayar. A ranar 20 ga Satumba 2023 kotun sauraron ƙararrakin zaɓe ta zaftare ƙuri'a 165,663 daga na Abba Kabir Yusuf, bisa hujjar cewa takardun ba su ɗauke da hatimi da sa hannu da kwanan wata. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar. A 12 ga Janairu 2024 Kotun Ƙoli ta mayar masa da su. Ka buɗe sashe na 63 na Dokar Zaɓe ta 2022: ƙaramin sashe na farko ya ce takardar ƙuri'ar da ba ta da alamar hukuma ba za a ƙirga ta ba, na biyun kuma nan take ya ce idan jami'in zaɓe ya gamsu cewa daga cikin takardun da hukuma ta ba wa wannan rumfa ta fito, to ya ƙirga ta. Ka yi tunanin tsohuwar da ta sha rana a layi, malamin zaɓe ya yago takarda ya miƙa mata bai buga hatimi a baya ba, ta dangwala ta jefa. Ƙaramin sashe na biyu dominta aka rubuta shi.

To, sai inda lafazin da kansa ya rabu biyu. Babu misalin da ya kai na 1979. An yi zaɓe ranar 11 ga Agusta, jihohi 19 ne a lokacin. Dokar zaɓe ta ce kafin a ce mutum ya ci, sai ya fi kowa yawan ƙuri'a, kuma ya samu aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kowace jiha daga cikin aƙalla kashi biyu cikin uku na jihohin ƙasa. Alhaji Shehu Shagari ya fi kowa ƙuri'a, ya kuma samu rubu'in a jihohi 12. Ta goma sha ukun ita ce Kano, inda Malam Aminu Kano ya kwashe, Shagari ya tashi da 243,423 cikin 1,220,763, wato kashi 19.94 cikin ɗari. Mene ne kashi biyu cikin uku na 19? A lissafi, sha biyu da sulusi biyu. Cif Obafemi Awolowo ya ce jiha ba ta gutsurewa, don haka 13 ake nufi, Shagari bai cika sharaɗi ba. Lauyan Shagari, Richard Akinjide, ya ce doka ba ta ce 13 ba, abin da lissafi ya bayar shi za a bi: a ɗauki sulusi biyu na ƙuri'un Kano, 813,842, a fitar da rubu'insu, 203,460 da ɗoriya. Shagari ya haura wannan. Ranar 26 ga Satumba, saura kwana biyar soja su miƙa mulki, Kotun Ƙoli ƙarƙashin Atanda Fatayi-Williams ta tabbatar da zaɓen, shida da ɗaya. Mai shari'a Kayode Eso shi kaɗai ya ce a'a. Mai shari'a Obaseki kuwa bai gamsu da lissafin ba, amma ya bi mafi rinjaye ta wata hanya, cewa an cika mafi yawan abin da doka ta nema.

Ka lura da kyau, dukkan ɓangarorin biyu cewa suke yi lafazi suke bi. Ni dai har gobe hujjar Eso ta fi kwanta mini. Idan ka rage jimillar ƙuri'un Kano zuwa sulusi biyu, adalcin lissafi ya ce ka rage na ɗan takarar ma haka, kuma da an yi hakan da nasa sun dawo 162,282, ƙasa da abin da ake nema. Amma ba na zargin sauran alƙalan da rashin gaskiya. Wanda ya tsara dokar ya san jihohi 19 ne, ya san 19 ba ta rabuwa uku, bai faɗi abin da za a yi da ragowar ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Shekara 44 bayan haka, jimlar nan ɗaya ta sake tayar da ƙura, wannan karon a kan wutsiyarta. Sashe na 134(2) na tsarin mulkin 1999 ya ce rubu'in ƙuri'a a kashi biyu cikin uku na "dukkan jihohin Tarayya da Babban Birnin Tarayya, Abuja." Bola Tinubu bai kai kashi 25 a Abuja ba a zaɓen 25 ga Fabrairu 2023. Atiku Abubakar da Peter Obi suka ce wannan "da" ɗin sharaɗi ne na daban: jihohi 24, sannan Abuja. Kotun zaɓe ƙarƙashin Haruna Tsammani a 6 ga Satumba, da Kotun Ƙoli a 26 ga Oktoba, suka ce a'a. Sun haɗa sashen da na 299, wanda ya ce a ɗauki Abuja kamar ɗaya daga cikin jihohi, sannan suka duba inda ɗaya fassarar za ta kai mu: mutum ya cinye jihohi 36 kaf, ya rasa rubu'i a Abuja, a ce bai ci ba. Wato ƙuri'ar mazaunin Abuja ta fi ta ɗan Gusau ko ɗan Inugu daraja. Wannan hukunci yana kan ƙafa mai ƙarfi. Sai dai ya bar wata ƙofa a buɗe: idan Abuja ta zama ta 37, kashi biyu cikin uku na 37 ashirin da huɗu ne da sulusi biyu. A 2023 bai yi tasiri ba domin wanda ya ci ya wuce adadin nesa ba kusa ba, amma ranar da zaɓe ya matse, tambayar 1979 na nan tana jira.

Abin da kotu ta yi a nan, na guje wa fassarar da za ta haifar da abin da hankali ba zai ɗauka ba, ƙa'ida ce da muka gada daga kotunan Ingila. A 1935 an kai musu batun wani da ya kashe mahaifiyarsa, ba ta bar wasiyya ba, doka kuma ta ce dukiya ta 'ya'ya ce, ba ta toge kowa ba. Kotu ta ce ba ya gado. Ɗalibin fiƙihu ba zai yi mamaki ba, tunda a babin gado tun farko ake koya masa cewa wanda ya yi kisa da gangan ba ya gadon wanda ya kashe. Akwai kuma wadda ta fi wannan tsufa, tun 1584, mai cewa alƙali ya tambayi kansa: yaya abin yake kafin a yi dokar, wace ɓarna aka gani, wane magani majalisa ta kawo? Sai ya zaɓi fassarar da za ta toshe ɓarnar. Malaman usulu za su ce maka neman illar hukunci ke nan.

Ba kowace doka ake yi wa karatu iri ɗaya ba. Dokar laifi ƙunƙuntar da ita ake yi, shakka kuma wanda ake tuhuma take amfana. Sashe na 36(12) na tsarin mulki ya hana a kama mutum da laifin da ba a rubuta shi da hukuncinsa a doka ba, 36(8) ya hana a hukunta shi kan abin da ba laifi ba ne lokacin da ya aikata. A 1961 wata babbar kotu a Yammacin Najeriya ta soke hukuncin da kotun gargajiya ta yanke wa wata mata kan zina, domin babu rubutacciyar dokar da ta mai da ita laifi a can, alhali a Arewa dokar Final Kod ta tanade ta a sassa na 387 da 388. A Maris 2002 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Sakkwato ta sallami matar da aka yanke wa hukuncin jifa, kuma cikin dalilanta har da cewa abin da ake tuhuma ya auku kafin dokar ta fara aiki. Wannan ya yi daidai da abin da malamai suka daɗe suna faɗa, cewa ana tunkuɗe haddi da shubuha. Tsarin mulki kuwa akasin haka ne, buɗa shi ake yi. A wata shari'ar kisa da ta taso daga Kano, aka yi gardama ko gwamnati na da ikon ɗaukaka ƙara idan kotu ta wanke mutum. A 1980 Kotun Ƙoli ta ce tana da shi, Mai shari'a Udo Udoma kuma ya kafa ƙa'idar da ake ambata har yau: tsarin mulki an yi shi ne domin ya daɗe yana yi wa al'umma aiki, don haka idan kalma ta ɗauki ma'ana mai faɗi da mai ƙunci, a karkata ga mai faɗin, sai fa idan nassin ya nuna akasin haka.

Game da abin da ka ce kotuna uku magana uku: matakan domin haka aka yi su. Ƙaramar kotu tilas ta bi fassarar ta sama ko da ba ta gamsu ba, kuma sashe na 235 ya ce daga Kotun Ƙoli babu gaba. Ba wai don ba ta kuskure ba, Mai shari'a Chukwudifu Oputa da kansa ya faɗi haka a 1989. Idan ta yi, ko ta gyara da kanta a wata shari'ar ta gaba, ko masu yin doka su gyara nassin. Tsarin mulkin 1979 ya ce kotu ta yanke hukunci cikin wata uku bayan kammala sauraro. A 1984 Kotun Ƙoli ta ce wannan wajibi ne tsantsa, hukuncin da ya wuce wa'adin ya ɓaci. Mai shari'a Mohammed Bello, ɗan Katsina wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan ƙasa, shi kaɗai ya saɓa. Kuma abin da hukuncin ya jawo a fili yake: alƙali ne ya yi jinkiri, amma masu shari'a, waɗanda ba su ci ba ba su sha ba, su ne za su koma su faro daga farko. A 1985 aka gyara, yau kuma sashe na 294(5) ya ce jinkiri kaɗai ba ya ɓata hukunci sai an nuna ya jawo zalunci. Haka ma a Oktoba 2007, da kotu ta ce jam'iyya ake zaɓa ba mutum ba, ta ɗora Rotimi Amaechi a kujerar gwamnan Ribas alhali sunansa bai shiga zaɓen ba, majalisa ta mayar da martani a Dokar Zaɓe ta 2010: kada kotu ta ayyana wanda bai shiga dukkan matakan zaɓe ba.

Yanzu ga ainihin damuwarka, yaya za ka gane alƙalin da ke fassara da wanda ke fakewa da fassara? Kada ka tsaya a kan wa ya ci. Ka nemi dalilan, ka tambaya: ya ambaci sashen da bai goyi bayansa ba, ko ya tsallake shi? Ya bi hukuncin da ya gabata, ko ya faɗi abin da ya sa ya kauce? Uwa uba, da a ce masu shari'ar sun yi musayar wuri, mai ƙara ya koma wanda ake ƙara, zai karanta sashen haka? Alƙalin da yau ya ce lafazi kawai, gobe ya ce manufa kawai, kuma kullum ɓangare ɗaya ke amfana, shi ne abin tsoro. Kuma ka riƙa karanta ra'ayin marasa rinjaye, domin sau da yawa a nan ake tona raunin hujjar masu rinjaye.

Wannan ma'auni yana da wuyar riƙewa idan hukuncin ya yi maka daɗi, shi ya sa zan gwada shi a kan wanda ya yi mini daɗi. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli, ta bakin Mai shari'a Emmanuel Agim, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye daga asusun Tarayya, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓun shugabanni su naɗa kantomomi. Rabi na biyun ba shi da gardama, domin sashe na 7 ya lamunce mulkin ƙananan hukumomi ta hanyar zaɓe. Rabin farkon ne ke da magana. Sashe na 162(5) ya ce kason ƙananan hukumomi jihohi ake ba wa domin amfaninsu, 162(6) kuma ya ce kowace jiha ta buɗe asusun haɗin gwiwa da za a zuba kuɗin. Kotu ta ce manufar ita ce kuɗin ya isa ga masu shi, jiha 'yar aike ce kawai, tunda kuwa ɗan aike ya daɗe yana riƙe saƙo, a miƙa wa mai shi hannu da hannu. Duk wanda ya shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ya ga ofisoshi a kulle, ya ga asibitin ƙauye babu ko maganin zazzaɓi, ya san ɓarnar da kotu ke nufi gaskiya ce, kuma ina cikin masu fatan hukuncin ya yi aiki.

Duk da haka, a matsayina na lauya, ba zan ɓoye maka ba: a nan lafazin bai rabu biyu ba. Asusun haɗin gwiwa da sunansa aka rubuta shi. Manufa ana kiranta ne ta warware shubuha, ba ta goge abin da ya fito sarari ba, kuma ɗaya daga cikin alƙalan bakwai bai bi 'yan'uwansa a wannan ɓangaren ba. Tsorona shi ne hanyar da aka bi yau domin alheri tana nan a buɗe ga wanda zai bi ta gobe domin wani abu daban, kuma shi ma "manufa" zai ce. Hanyar da tsarin mulki ya shimfiɗa tana sashe na 9: kashi biyu cikin uku na 'yan kowace majalisa daga majalisun Tarayya biyu, da amincewar majalisun jihohi 24. An gwada, har a gyaran da aka kammala a 2023, ƙudirin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ya wuce a Abuja ya maƙale a majalisun jihohi, inda gwamnoni ke da faɗa a ji. Wannan ne ya tura maganar kotu. Muddin ba a koma an gyara sashe na 162 ba, hukuncin na faɗin abu ɗaya, kundin na faɗin wani, kuma gwamnan da ba ya son sakin kuɗin ba zai rasa lauyan da zai nuna masa layin da zai fake da shi ba.